Ranar da Umaima Ta Kira Taro a Fadama

A wani ƙauye da ke bakin kogin Haɗeja, kan hanyar Kirikasamma, an yi wata yarinya mai suna Umaima. 'Yar aji shida ce a firamare. Ba ta da ƙiwuya, ba ta da tsiwa. Aibinta ɗaya ne: hankalinta ba ya zama inda jikinta yake. Sai a aike ta ɗebo ruwa, a iske ta tsaye da bokiti a hannu tana kallon gajimare.

"Umaima," Innarta kan ce, "wata rana tunani zai ɗauke ki, sai dai mu tsinci takalmanki."

Ita kuwa sai ta yi murmushi, don rabin maganar ma ba ta ji ba.

Wata Alhamis, Malama Rahmatu mai koya musu Turanci ta rubuta wata doguwar kalma a kan allo: congregate.

"Ma'anarta a taru wuri ɗaya," in ji Malama. "Mutane in sun taru, ana faɗinta. Tsuntsaye in sun taru a kan itace, ana faɗinta. Daga cikinta ne ma Turawa suka samo sunan da suke kiran jama'ar da ta taru don ibada. Amma fa su ma aro suka yi."

"A wurin wa, Malama?" wani yaro ya tambaya.

"A wurin wani tsohon harshe da ake kira Latin. Yau ba wanda yake ciniki da shi a kasuwa, sai dai a littafi."

Ta ɗauki alli ta datsa kalmar.

"Wannan na farko, con, yana nufin tare. Wannan na tsakiya, greg, yana nufin garke. Garken tumaki, garken shanu. Kun ga asalin maganar, makiyayi ne yake kaɗo dabbobinsa su zama garke ɗaya. Daga baya aka ara wa mutane."

"Malama, ashe mu ma tumaki ne?" in ji yaron.

Aji ya kwashe da dariya. Umaima ba ta yi ba, don ta riga ta yi nisa.

Ta ga wata ƙasa mai tuddai da ciyawa. Ta ga wani makiyayi na zamanin da, sanda a kafaɗa, yana kira da harshen da yau ba a jin sa. Tumaki suna gangarowa, ɗaya daga nan, biyu daga can, har tudun ya yi fari fat. Ko yana da kogi irin namu? Ko 'yarsa tana kai masa fura? Kakan Umaima ma kiwo ya yi kafin ya zauna ya kama noma, sai ta ba mutumin fuskar kakanta.

"Umaima, ina kika tafi?"

"Ina nan, Malama."

"Jikinki dai yana nan," in ji Malama.

A lokacin damina ta ja baya. Shinkafa ta fitar da kai a fadama, ƙwayar tana da taushi, in ka matsa sai ta fitar da ruwa fari. Wannan shi ne lokacin da manomi ba ya samun kwanciyar hankali, saboda jan baki.

Jan baki ɗan tsuntsu ne, bai cika tafin hannun yaro ba. In ka gan shi shi kaɗai, har tausayi zai ba ka. Sai dai ba ya tafiya shi kaɗai. Dubbai suke kwana a cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ta cushe bakin ruwa. In suka sauka a gona ba kowa, kafin a tuƙa tuwo sun gama da ita.

Shi ya sa kowace gona take da rumfa mai dogayen ƙafafu. Daga rumfar an ja igiyoyi cikin gona, an rataya gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. Mai gadi yana zaune a sama. Da ya hango tsuntsaye, sai ya ja igiya, ya ɗaga murya. Ranar makaranta manya ne ke yi da safe, yara su karɓa da yamma. Asabar da Lahadi kuwa na yara ne.

Rumfar su Umaima ce ta farko. Gaba da ita ta su Tasi'u, ɗan maƙwabcinsu. Gaba kuma ta su Aziza, ƙawarta. Can ƙarshe, dab da kacala, akwai 'yar gonar Iya Talatu. Iya tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ba ta da wata gona sai wannan. Abin da ta girba a nan, shi za su ci ita da jikanta Abba har wata damina. Abba ne mai gadin, ɗan ƙaramin yaro wanda bai daɗe da shiga makaranta ba.

Ranar Asabar da sassafe Baba ya raka Umaima har rumfa.

"Kin dai san doka," ya ce. "Kowa a rumfarsa. Jan baki gonar da ta yi shiru yake nema."

"Na sani, Baba."

Ya nuna wata doguwar gora da ke jingine. "Wannan kuwa ba a ɗaura mata ɗankwali a ɗaga sai an ga maciji, ko wani ya ji ciwo. Duk yaron da ya gan ta a sama, zai bar komai ya rugo."

"Na sani, Baba."

Ta sani ɗin kuwa. Sanin ne bai zauna ba.

Safiyar ta yi kyau ƙwarai. Hazo ya kwanta a kan ruwa, rana tana ɗaga shi a hankali. Iska tana bi ta kan shinkafa, shinkafar tana kwantawa tana tashi. Umaima ta ja igiya sau da yawa, ta kori 'yan tsirarun da suka zo. Da hantsi ya yi, komai ya lafa.

Ta kishingiɗa, ta tallafe haɓa, kalmar Malama ta dawo mata.

Ta duba hayin kogi, ta ga shanu sun taru suna shan ruwa. Ta duba gefe, ta ga balbelu sun yi fari a kan wata bishiya. Masunta ma sun haɗa kwale-kwalensu wuri ɗaya suna hira. Har gajimare sai da suka matso kusa da juna.

"Komai ya taru," ta ce a ranta. "Mu kaɗai aka watsa."

Ta hango Tasi'u can nesa, ta hango Aziza. Abba kuwa ɗan ɗigo ne kawai a ƙarshen fadama. Kaɗaici ya kama ta. Ga labari mai daɗi a bakinta, ba wanda za ta ba. Ta ji tana son ta zama makiyayin nan, ta yi kira a gangaro.

Ta kalli gorar. Ta kawar da kai. Ta sake kallonta.

"Ɗan lokaci kaɗan ne," ta ce. "Ai tsuntsaye suna hutawa."

Ta cire ɗankwalinta ta ɗaura, ta ɗaga gorar sama.

Tasi'u ne ya fara isowa, sanda a hannu, yana haki. Aziza na biye. Abba ya zo a ƙarshe, taɓo har gwiwa.

"Ina macijin?" in ji Tasi'u.

"Babu maciji. Labari zan ba ku."

Tasi'u ya ɓata rai. "Don labari kika ɗaga gora?"

"Kai dai zauna. Ga dafaffiyar gyaɗa. Ina gamawa kowa ya koma."

Gyaɗa ba ta da wuyar shawo kan yaro. Suka zauna a inuwar wata giyayya, Umaima ta fara. Ta gaya musu kalmar, ta gaya musu asalinta. Daga nan ta ƙara nata. Allah ya ba ta baiwar labari, wannan kam ba mai musu. Ta sa wa makiyayin suna, ta gina masa bukka, ta ba shi sarewa. Ta ce in ya busa, tumaki sukan zo daga bayan duwatsu, har taurari sukan matso su ji.

"Kura ba ta cin tumakin?" Abba ya tambaya.

"Ba ta iyawa, tunda suna tare."

Aziza ta kwanta a kan ciyawa ta lumshe ido. Tasi'u ya manta da sandarsa. Iska mai sanyi tana kaɗawa, ruwa yana sheƙi ta tsakanin ganye. Ba wanda ya lura cewa fadama duka ta yi tsit.

Can sai wani abu baƙi ya taso daga cikin kacala, kamar hayaƙin gobarar daji. Ya yi sama, ya buɗe, ya naɗe, ya sake buɗewa. Ya juya gaba ɗaya, ba ɗayan da ya yi karo da ɗan'uwansa.

"Ku duba," in ji Umaima a hankali. "Ga garken sama nan. Abin da kalmar take nufi ke nan."

Suka saki baki suna kallo. Abin da kyau, ba ƙarya. Baƙin ya yi shawagi, ya yi shawagi, sannan ya karkata ya yi ƙasa.

Tasi'u ya miƙe zumbur. "Gonar Iya ce."

Suka zuba da gudu. Amma fadama ba filin ƙwallo ba ce. Taɓo yana riƙe ƙafa, hanya siririya ce, ga nisa. Suna ihu tun daga nesa, tsuntsayen ko gezau. Sai da Tasi'u ya hau rumfa ya girgiza igiya, sannan suka tashi, a ƙoshe.

Kan shinkafa mai ƙwaya sunkuyawa yake yi. Rabin gonar Iya kuwa, ɓangaren da ke kusa da kacala, duk ya miƙe tsaye, don ba komai a cikinsa.

Da la'asar Iya Talatu ta zo kawo wa Abba abinci. Ta tsaya a bakin gona. Ta tsinki kai ɗaya ta murza a tafin hannu, ta hura, bai bar komai ba.

"Abba, barci ka yi?"

Abba ya ɗago kai. Ya kalli Umaima. Umaima ta sunkuyar da kai.

"To," in ji Iya. "Allah ya sa wa abin da ya rage albarka."

Ta juya a hankali. Abba ya bi bayanta yana kuka.

Bayan magariba Inna ta zuba tuwo, Umaima ta sa shi gaba ta kasa ci.

"Lafiya?" in ji Inna. "Yau kuma wace ƙasa kika tafi?"

Sai hawaye. Baba ya ajiye rediyonsa.

"Zo nan. Me ya faru?"

"Baba, ni ce. Abba bai yi barci ba. Ni na ɗaga gora, kuma babu maciji. Labari kawai nake so in ba su."

Baba ya zuba mata ido. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Kin san abin da gonar nan take a wurin Iya?"

"Na sani."

"Kin kuma tsaya ana ɗora wa yaro laifinki?"

"Tsoro na ji, Baba."

"Na ji daɗi da kika faɗa. Amma ba ni kika yi wa laifi ba. Gobe da safe za mu je."

Umaima tana da 'yar gayauna a gefen gonar Baba, wadda ta shuka da hannunta, take kuma ji da ita. Ta share hawaye.

"Baba, in an girbe gayaunata, a ba Iya."

"Ba za ta cike giɓin ba," in ji Baba. "Amma kin fara."

Da safe suka iske Iya tana sharar tsakar gida. Bayan an gaisa, Umaima ta durƙusa ta faɗi komai. Iya ta jingina tsintsiya da bango.

"Ashe ɗan marayana na zarga a banza," ta ce. Ta jawo Abba ta shafa kansa. Wannan magana ta fi yi wa Umaima ciwo fiye da duka.

"Iya, ki yafe mini."

"Na yafe miki, 'yar nan. Sai dai yafiyata ba za ta kori tsuntsu ba. Sun ɗanɗana, za su dawo. Abba kuma hannunsa ƙarami ne."

Ranar Litinin, da aka tashi hutun tara, Umaima ta ƙi fita. Malama Rahmatu ta lura.

"Yau jikinki da hankalinki duk suna nan, amma fuskarki ba daɗi. Mene ne?"

Umaima ta kwashe labari ta gaya mata. Ta ƙare da cewa, "Malama, ni na ɗauka taruwa abu ne mai kyau."

"Mai kyau ne. Amma bari in tambaye ki. Kin taɓa ganin garke yana kiwo?"

"Kullum, a hayin kogi."

"A cure suke, kai da kai?"

Umaima ta yi tunani. "A'a. Bazuwa suke yi. Wata a nan, wata can."

"To sun daina zama garke?"

"A'a."

"Me ya haɗa su?"

"Makiyayinsu ɗaya. In ɗaya ta ji motsi ta ɗaga kai, duk sai su ɗaga."

"Kin gani. Ranar Asabar, tun kafin ki ɗaga gora, a tare kuke. Aikinku ɗaya, kowa yana kare ɗan'uwansa. Da kika tara su a gindin bishiya, a lokacin ne kika raba su."

Umaima ta daɗe tana juya maganar. A hanyar gida ma ita take tunani. In ɗaya ta ɗaga kai, duk sai su ɗaga. Wannan karon tunanin bai kai ta wata ƙasa ba, fadama ya kai ta.

"Baba," ta ce tana shiga gida, "me zai hana a ƙulla igiyoyinmu da na Iya? In na ja daga rumfata, gwangwanayenta su yi ƙara."

Baba ya dube ta. "Da nisa fa."

"Ta bi ta gonar su Tasi'u da ta su Aziza. Kowa ya ja, ta kaɗa har ƙarshe."

Baba ya sosa gemu. Da yamma ya je wurin masunta ya roƙo tsofaffin igiyoyi. Mahaifin Tasi'u ya saro turaku. Yara suka bi gida gida suna tsintar gwangwanin madara da na tumatir. Kafin mako ya ƙare, igiya ta tashi daga rumfar farko ta dire a gonar Iya.

Asabar ta zagayo. Safiyar ta yi kyau kamar waccan. Shanu suka zo shan ruwa, balbelu suka hau bishiyarsu. Umaima ta ji tunani yana jan ta. Ta naɗe igiya a hannu, ta miƙe tsaye.

Da hantsi baƙin nan ya taso daga kacala. Ya buɗe, ya naɗe, ya nufi gonar Iya, don bai manta ba.

Umaima ta ja igiya da duk ƙarfinta. "Tasi'u, ga su nan!"

Tasi'u ya ja, ya miƙa kira ga Aziza. Aziza ta ja, ta miƙa ga Abba. Fadama ta ɗauki ƙara daga wannan kai zuwa wancan. Tsuntsayen suka yi ƙasa, suka fasa. Suka gwada gonar su Aziza, nan ma ƙara. Suka yi ta kewayawa, har suka gaji suka haye kogi.

Can nesa ɗan ɗigon nan yana tsalle a kan rumfa. Umaima ta ɗaga masa hannu, amma ba ta sauka ba.

Haka suka yi ta yi har shinkafa ta nuna. Hannun Umaima ya yi kanta. Sau da yawa labari yakan zo mata har baki, sai ta ajiye shi sai an tashi.

Ranar girbi aka yi wa Iya gayya. Rabin da ya tsira ya yi kyau sosai. Da aka gama, Umaima ta ɗauko dammunan gayaunarta ɗaya bayan ɗaya, ta jibge a kan na Iya. Ba ta rage ko ɗaya ba. Ta ji zafin rabuwa da su, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba.

Mahaifin Tasi'u yana kallo. "Ai namu ma ya bar rumfarsa," ya ce. Ya je ya kawo dami. Mahaifiyar Aziza ta aiko da nata. Baba ya ƙara. Wasu maƙwabta da ba ruwansu ma suka kawo. Da aka sussuke aka zuba a buhu, Iya ta tsaya tana kallo, ta kama baki.

"Bana har na fi bara," ta ce.

Bayan kwana biyu ta aiki Abba ya kira Umaima da Tasi'u da Aziza. Ta dafa sabuwar shinkafa da busasshen kifi, ta zuba a babban faranti, ta shimfiɗa tabarma a inuwa. Suka zauna gwiwa da gwiwa.

"Yau ba tsuntsu, ba rumfa," in ji Iya. "Ku taru son ranku. Ke kuma Umaima, ba ni labarin nan da ya cinye mini rabin gona, in ji ko ya kai."

Kunya ta kama Umaima, amma ta ba da labarin tun daga farko. Iya ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai.

"Ya yi daɗi," ta ce. "Amma shinkafa ta fi shi. Sa hannu ki ci."

Suka yi dariya, suka cinye faranti tas.

Tun daga ranar Umaima ta gane cewa haɗin kai ba zama wuri ɗaya ba ne kawai. In an ba ka wuri ka tsare, tsayawarka a wurin ita ce taimakonka ga 'yan'uwanka. In kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri, ka sa hannu a gyara.